Kada Ka Sayo Wa Inna Mai Toshe Kunne

Unguwar Kilomita Biyar,
Bangi.
Lahadi, 9 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga Yayana Jamaluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan takarda za ta iske ka lafiya lau, kai da Anti Sharifa da yara duka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa wa kasuwarka albarka, ya tsare ku daga zazzaɓin damina, ya nuna mana Babbar Sallah da rai da lafiya. Mu a nan sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka sosai, lungunmu ya koma taɓo, sai da maƙwabta suka jera bulo kafin mutum ya iya kaiwa bakin titi da takalminsa. Maigida, Baban Amira, yana nan yana fama da shagonsa na kayan gini. Kaya daga Kamaru suna shigowa, sai dai a makare. Amira ta shiga islamiyya, ta kuma yi tsayin da in ka gan ta ba za ka yarda shekararta biyar ba. Har yanzu Sango ya fi mata sauƙi a baki, in ka yi mata Hausa ta ji sarai, amma da Sango za ta ba ka amsa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali kusan kullum muna gaisawa ta waya. Dalili shi ne maganar ba ta waya ba ce. Gidan nan ka san shi a hoto, ɗaki a jikin ɗaki, duk abin da na faɗa a tsakar gida yana isa inda ba na so ya isa, kuma in na fara magana da baki kuka ne zai riga ni. Shi ya sa da na ji Alhaji Ɗantala zai taso gobe don yin Sallah da iyalinsa a Kano, na roƙe shi ya kawo maka ita hannu da hannu. Ina roƙonka ka karanta ta har ƙarshe kafin ka shiga kasuwa sayen saƙon da Inna ta yi maka, domin a kan saƙon ne na rubuto.

Ka san tun ranar da bam ɗin nan ya fashe a ƙofar gidanmu na Miskine lokacin rikici, ranar da muka rasa autanmu Abdurra'uf, kunnen Inna na hagu bai sake komawa daidai ba. Kai ka bi manyan motoci ka bar ƙasar, mu muka dawo nan Kilomita Biyar, to shekara goma ke nan tana cewa kunnen yana mata ƙugi. Mun ɗiga magani, mun yi tofi, mun gwada man da aka ce a gwada, ba abin da ya canza. Sai a azumin bara da ka aiko mata da ɗan abin sauraren nan, empetirwa, cike da karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙin matan da. Yaya, ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba. Abin ya yi mata amfani. Ekuter ɗin da ya zo da shi, wanda ku a can kuke ce wa iyafis, irin mai faɗin nan ne da yake zama a bakin kunne ba ya shiga ciki. Takan sa shi bayan azahar ta kishingiɗa, karatu yana tafiya a hankali, har barci ya ɗauke ta. In an yi sallama tana ji, in Amira ta faɗi tana ji, in miya ta fara kamu ita ce take fara kira na. Ta yi ƙiba a watannin nan, har ta koma zuwa suna da biki.

Wajen ƙarshen shekara wayar ekuter ɗin ta karye daga gindi, wurin da ake soka ta a jikin empetirwa. Muka naɗe da salatif, ta yi 'yan kwanaki, ta mutu gaba ɗaya. Sai na ɗauki Inna muka tafi wurin Abdulganiyu, mai teburin kayan waya a Titin Koudoukou, daf da masu canjin kuɗi. Na tafi da ita ne saboda kunnuwanta ƙanana ne, ba kowane iri yake zama ba. Ya baje mana kaya. Ya fara nuna mana fararen nan marasa waya da samari suke yawo da su, sannan da ya duba empetirwa ɗin ya ce ba za su yi ba, don ba ya kama su, sai mai waya. Ya ɗauko babba mai zagaye kai, Inna ta yi dariya ta ce ita ba jirgin sama za ta tuƙa ba, kuma ina za ta kai ɗankwalinta. Ya kawo irin na da, mai faɗi. Daga ƙarshe ya buɗe wani kwali ya fito da mai kan roba mai laushi, wanda ake turawa cikin ramin kunne, da robobi manya da matsakaita da ƙanana. Ya sa mata ƙananan ya ce ta gwada.

Ina ma kana wurin. A lokacin janareton shagon kusa yana ta ruri, ana sauke siminti daga babbar mota, 'yan taksi-moto, wato 'yan acaɓa, suna ta hon kamar yadda suka saba. Inna ta tura robar a kunne ɗaya, ta tura a ɗayan, na kunna mata karatu. Sai na ga ta lumshe ido, kafaɗunta suka sauka. Ban san a ɗage suke ba duk shekarun nan sai da na ga sun sauka. Na tambaye ta ko ya yi, ba ta amsa ba. Na sake tambaya da ƙarfi, shiru. Sai da na taɓa hannunta ta buɗe ido, na ga sun ciko da ƙwalla, ta ce wannan take so, ko na da ya dawo ba ta son sa. Abdulganiyu ya yi mana gaskiya, ya ce irin wannan na zaman ɗaki ne, kada a hau titi da shi don yana toshe komai. Inna ta ce ta ji, kuma da farko ta kiyaye.

Abin bai lalace a rana ɗaya ba. Daga bayan azahar ya koma tun hantsi. Daga nan sai ta gama azkar ɗin safe ta sa, ba za ta cire ba sai alwala. Maƙwabta su shigo su yi sallama su gaji su fita, wasu har suka fara cewa Inna Zulai ta daina amsa gaisuwa. A kira salla a masallacin bayanmu, ita da take tashin kowa, sai na je na dafa ta. Amira da take wuni a gindinta, wadda 'yar Hausar da ta iya duk a bakin Inna ta tsince ta, ta yi ta zuwa tana jan zaninta tana magana ba a amsa mata, har ta daina zuwa. Na kuma lura sautin yana ƙaruwa, don ina daga madafa ina jin muryar mai karatu tana fita daga kunnenta. Da na yi mata magana ta ce in bar ta, ba ta taɓa samun hutu irin wannan ba, kuma ba waƙar banza take ji ba balle a ce. Wa zai ce wa uwarsa ta rage sauraren Alƙur'ani?

Ranar wata Juma'a a watan jiya aka yi rasuwa a gidan su Amariya, tsallaken Koudoukou. Inna ta sa hijabi ta ce za ta je gaisuwa. Ina wanki, ban ga wayar ba, ashe tana ƙarƙashin hijabin. Waɗanda abin ya faru a gabansu sun ce ta sauko titi kai tsaye ba ta waiga ba. Wani ɗan taksi-moto ya taho da buhun garin rogo a baya, ya yi ta hon, mutane suka yi ta ƙwala mata kira, ba ta ko juyo ba. Ya taka birki, ƙasa da santsin ruwa, babur ɗin ya zame ya kwashe ta. Ta faɗi a kan hannunta na dama.

Kafin labari ya iso ni na fita ko mayafin kirki babu, wurin ya cika. Abin da na tarar ya fi faɗuwar tsorata ni. Yaron da ya buge ta ba ɗan unguwar nan ba ne, Kirista ne, kaya kawai ya shigo ɗauka. Matasa sun riƙe masa riga, wani ya zare makullin babur ɗin, wani yana cewa da gangan ya yi, ya ga tsohuwa da hijabi ne. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki guntun bulo. Masu shaguna na kusa sun fara jawo ƙofofinsu. Kai ka san unguwar nan, ka san yadda abu kaɗan yake zama abin da za a yi wata ana binne mutane a kansa. Yaron yana ta rantsuwa da Sango yana kuka, leɓensa a fashe. Baban Amira ya iso yana ba su haƙuri, ba mai saurarensa.

Inna ce ta kashe wutar. Tana zaune a ƙasa cikin taɓo, hannu ya kumbura, ta sa hannun hagu ta ɗage gefen hijabinta a gaban maza, ita da ko wuyanta ba a taɓa gani a waje ba, ta fizgo ekuter ɗin daga kunnuwanta ta ɗaga shi sama. Karatu yana ta fita daga ciki, kowa yana ji. Ta ce musu da Sango, da wata murya da na manta tana da ita: "Ala zia lo. Ku sake shi. Ni ce ban ji ba. Wanda ya taɓa yaron nan ban yafe masa ba." Mai bulo ya saki bulon ya faɗi ƙasa. Aka mayar wa yaron makullinsa, Baban Amira ya raka shi har ya fita unguwa, sannan ya dawo muka kai ta asibiti.

An ɗaure hannun, karaya ce a wuyan hannu, likita ya ce za ta haɗe in an kiyaye. Amma da na ba shi labarin yadda aka yi, sai ya ce bari ya leƙa kunnuwan. Ya daɗe a kan na dama, mai lafiyar. Ya ce ramin ya kumbura ya fara ruwa, saboda robar da take wuni a ciki cikin zafi da gumi, kuma ga alama jin kunnen ya fara raguwa saboda ƙarfin sauti. Ya ce in aka ci gaba a haka, wanda ya rage mata ɗin ma zai tafi, ta zauna ba na hagu ba na dama. Ya ba da maganin ɗigawa, ya hana a sa komai a ciki sai ya warke. Bayan nan ma, in ya zama dole, sai irin mai zama a bakin kunne, da sauti ƙasa ƙasa, a cikin gida kawai. Da muka dawo Baban Amira ya karɓi na robar ya kai shago ya kulle.

Tun daga ranar Inna ba ta da sukuni. Hannun ba ya damun ta kamar kan. Abinci sai na zauna a gabanta take tsakura. In salansar babur ta yi ƙara a titi sai ta zabura har kofi ya faɗi. Takan zauna ta dafe kunnen hagu da tafin hannu tana ɗan jijjiga jiki, in ta ga ina kallo ta sauke hannun ta yi kamar gyaran ɗankwali take. Da kunnen ya yi sauƙi na koma wurin Abdulganiyu na karɓo mai faɗin, har sau biyu. Na farko ɓari ɗaya ya mutu kafin mako ya zagayo. Na biyu yana shuu kamar ana suya, ba ka jin karatun sai ka ƙure sauti, abin da aka hana ke nan. Shi da kansa ya ce masu kyau na irin wannan sun daina zuwa, yanzu kowa mai roba yake nema ko mara waya, sai dai a sa a nemo daga waje.

Wata rana da la'asar ina shafa mata man zafi a kafaɗa, na ce mata ta yi haƙuri, ƙugin kunne ba ya kisa, amma titi yana kisa. Sai ta ce: "Ikilima, ba ƙugi ba ne. Na ce muku ƙugi ne don ku samu abin da za ku saya wa magani. Ƙarar ƙofar gidanmu nake ji, lokacin da Abdurra'uf ya ja ta ya fita. Sai abin da ya biyo baya. In ya ƙare ya sake farawa." Ta ce na da yana rage shi ne kawai, amma na robar shi kaɗai ya taɓa kashe shi. Yaya, shekara goma ina kwana gida ɗaya da matar nan ina ɗiga mata magani a kunne, ban sani ba.

Abu ɗaya mai daɗi ya faru a cikin wannan duka. Yaron nan, Fidel sunansa, ya dawo da mahaifiyarsa gaishe ta, suka kawo ayaba da ƙullin ganyen miyar nan da ake kira koko. Sai da Baban Amira ya je bakin titi ya shigo da su, don matar ta ce rabonta da unguwar nan tun kafin rikici. Ashe ita ma a Miskine ta yi aurenta na fari, ta san layinmu, ta san mai tuyan ƙosan kusurwa, ta san bishiyar mangwaron da ke bayan gidanmu. Suka zauna ita da Inna suna ta lissafa mutane da Sango, wane ya rasu, wance tana Kamaru, wane ba a san inda yake ba. Suka yi kuka, suka yi dariya. Na lura tun da suka fara hira har suka tashi Inna ba ta kai hannu kunne ba ko sau ɗaya. Na ji daɗi har na fara cewa a raina ko an samu mafita. Amma suna fita, kafin in kwashe kofuna, ta tambaye ni ko Baban Amira zai yarda ya dawo mata da na robar, ko na awa ɗaya ne.

Da ta ga ba za mu ba ta ba, shi ne ta ari wayata ta kira ka. Ina madafa ina jin ta tana ce maka lafiyarta ƙalau, ekuter ne kawai ya lalace, ka samo mata mai roba mai kyau wanda ya fi na nan toshewa, ka ba Alhaji Ɗantala in zai dawo. Na ji ka amsa da murna. Ba laifinka ba ne, ta hana kowa ya gaya maka faɗuwar, wai kada hankalinka ya tashi ka kamo hanya.

To ga roƙona. Don Allah kada ka sayo mai shiga cikin kunne, kowane irin kyau gare shi, ko mai shagon ya rantse maka ba ya cutarwa. Ka nemo mai waya, mai kan nan zagayayye da zai shiga empetirwa, wanda yake zama a bakin kunne. Ya kasance ƙarami, in da hali mai 'yar rigar soso, don na roba mai tauri yana goge mata fata. Ka tafi da wayarka ka gwada da kanka a cikin hayaniyar kasuwa: ka rage sauti sosai, in kana jin kalmomin mai karatu ɗaya bayan ɗaya kuma kana jin mai shagon yana maka magana, to shi ne. Ka duba gindin wayar ya zama mai kauri, mai lanƙwasa, don a nan suke karyewa. In ka samu mai kyau ka haɗo biyu. Ba na ce maka na tabbata daidai nake yi ba. Na san abin da nake hana ta, na ga fuskarta ranar da ta same shi. Wani lokaci in na gan ta dafe da kai sai in ji kamar in je shago in ɗauko mata da hannuna. Amma na kuma ga bulo a hannun matashin nan, na ji abin da likita ya faɗa, kuma ina son ranar da za ka zo ta ji sallamarka da kunnenta.

Ban iya yin abin a ɓoye ba. Yau da safe na same ta na gaya mata zan rubuto maka, zan faɗa maka komai, har da abin da zan ce kada ka saya. Na zaci za ta yi faɗa. Ta kalle ni ta kau da kai, ta ce in rubuta abin da na ga dama, tunda yanzu mu ne iyayen. Na tashi zan fita sai ta kira ni. Ta ce: "In kin gama, ki tambayar mini shi. Shi ba ya jin komai?"

Kai ne ka fita ka ɗauko Abdurra'uf ranar, kai ka shigo da shi a kafaɗarka. Muna waya da kai muna tambayar kasuwa da yara da farashin shinkafa, ba wanda ya taɓa tambayar ka wannan a cikinmu. To ga shi ta tambaya, ni ma ina tambaya. Ba sai ka amsa mini ba. Amma in ka kira ta, ka bar maganar ekuter zuwa ƙarshe, ka amsa mata tata tukuna. Kunnen dama za ta sa wayar, ka yi magana a hankali, tana ji.

Ka gaishe mini da Anti Sharifa da kyau, ka ce mata atamfar da ta aiko na ɗinka ta don Sallah. Ka shafa mini kan Husna da Ikram, Allah ya raya su ya ba su ilimi mai amfani. Ka isar da gaisuwata ga Kawu Mahaman da iyalinsa, da Gwaggo Fauziyya in ka leƙa Fagge, a ce mata muna yi mata addu'ar samun sauƙin ƙafa. Baban Amira yana gaishe ka ƙwarai, Amira ma ta ce a gaishe da Kawu na Kano. Allah ya jiƙan Baba da Abdurra'uf, ya ba Inna lafiya, ya zaunar da ƙasar nan, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum,

Ikilima.